Tsohon da Ya Doki Majigi

An kawo majigi bakin kasuwar Batsari bayan magariba. A jikin farin ƙyallen, wasu Turawa biyu na bisa wani dogon dutse fari fat, suna zamewa ƙafa sama, suna damƙo farin abin da ya lulluɓe dutsen suna jifan juna. Jama'a na ta dariya.

Wani tsoho a gabana ba ya dariya. Siriri ne, wuyansa duk jijiya, da gora a hannu, ƙafafunsa sun yi futu-futu da tafiya.

"Gari suke zubarwa?" ya tambaye ni.

"Ƙanƙara ce, Baba."

"Ƙarya kake! Ni za ka gaya wa gari?"

Sai ya kutsa gaba ya maka wa ƙyallen gora. 'Yan doka biyu suka rufe shi da kulki har bakinsa ya fashe. 'Yan banza, tsoho sa'an ubansu!

Ban san shi ba. Ina zaton ya binne wani nasa a shekarar yunwa. Ga shi yanzu durƙushe ƙarƙashin ƙyallen, jini na ɗiga daga gemunsa, yana laluben ƙasa da tafinsa, ko garin ya ɗan zubo.