Siririn Zarton Kawu

Jiya na wuce ta bakin wani shagon kafinta, ƙamshin garin katako ya bugi hancina, sai ga ni a zauren gidanmu na Kurfi ina 'yar yarinya.

Kakana masassaƙi ne. Turmin da ya fito daga hannunsa har daga garin Wurma ana zuwa nemansa. Ƙanen mahaifina kuwa, wanda muke kira Kawu, kafinta ya koya a Katsina, ya dawo da wani zarto mai kama da baka, bakinsa siriri kamar zare. Da shi yake yanka katakon akwatin shayi, ya yi ƙananan motoci da kujeru da ba su wuce tafin hannu ba. Kaka ko kallon abin ba ya yi. Cewa yake wasan yara ne.

Wata damina kafaɗar Kaka ta riƙe, gizago ya gagare shi ɗagawa. Ya koma zaman zaure, ya rage magana, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Iya, matarsa, takan ɗauke akushin ta juya fuska kada mu ga idonta.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma, bayan an yi girbi, Kawu ya tafi bai yi mini kujerar 'yar tsanata da ya yi alkawari ba. Na zauna a zaure ina ta kuka.

"Mi aka yi maki, amarya?" in ji Kaka. Haka yake tsokanata.

Na faɗa masa. Ya daɗe yana duban zarton da ke rataye a bango, sannan ya ce, "Miƙo mani abin nan."

Na danne masa katakon da hannu biyu. Da farko zarton ya yi ta karkacewa, Kaka yana tsaki. Can sai ya gano abin ba ƙarfi yake so ba, lallashi yake so. Garin katako ya riƙa zuba a kan gwiwarsa fari fat. Kafin la'asar ga kujera 'yar tsugunno, ƙafa ɗaya ta ɗan fi sauran gajarta.

Da Kawu ya dawo ya juya ta a hannu, ya ce, "Baba, wa ya yi wannan?"

"Bakin zarton naka ya dakushe," in ji Kaka. "In ka koma kasuwa ka samo wani."

Ran nan ya cinye tuwonsa. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa, ɗan da uban tabarma ɗaya suke zama, wannan na yanka, wancan na gogewa, suna musu a kan kowane lanƙwasa.

Yanzu jikokina kayan wasan roba ake sayo musu, kuma ba na ganin laifin hakan. Amma ni ma hannuna ya fara rawa, saƙar hula ta gagare ni. Shekaranjiya ƙaramarsu ta kawo mini tsumma ta ce in ɗinka wa 'yar tsanarta zane. Na ce ta zura mini zaren a allura.