Jif ɗin Kawu Davlatnazar a Gangaren Panj

Kawu Davlatnazar ne mai tsohuwar jif ɗin ƙauyenmu. Ita ke kai mu kasuwa, ita ke kai mu asibiti. In sanyi ya kankama batirinta ba ya kwana da wuta, sai Kawu ya cire shi ya ajiye kusa da murhu, ya rufa masa bargo. Matarsa, Inna Zarnigor, takan ce, "Ni ko sau ɗaya ba ka lulluɓe ni haka ba."

Wata safiya ciwon ciki ya turnuƙe Inna. Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta bisa cinyata. Kawu ya murɗa makulli, shiru. Maƙwabta suka tura mu gangare don mota ta tashi a giya.

Tayoyin gaba na sanyi ne, masu ƙusoshi, na baya kuwa na rani ne, duk sun cinye. Yana sakin kuloci a wata kwana sai bayan motar ya zame bisa ƙanƙara, ya nufi bakin kwari. Ta taga na hango kogin Panj can ƙasa.

"Kawu, birki!" na ƙwalla.

"Rufe mini baki! Ina takawa mun tafi!"

Inna ta bar nishi ta kama salati. Injin ya yi tari, ya kama, tayoyin gaba suka ciji ƙanƙara suka fizgo mu kan hanya.

A ƙofar asibiti ni na kira ma'aikata. Inna ta warke. Har yau in ya iso wannan kwanar yakan kashe rediyo, ba ya kula kowa sai ya wuce ta.