Ƙafar da ta daina jin cakulkuli

Na yi wa mata lalle ba adadi, amma akwai wani guda da na ƙi ƙarasawa, shi ne kuma har in bar duniya ba zai fita daga raina ba. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa ƙauyenmu, can tsakanin Kura da Bunkure.

Cikin masu zuwa wurina akwai yayar mijina, Hajiya, mai sana'ar turara shinkafa. Mace ce mai jiki sosai, kuma tana taƙama da ƙibarta, wai alamar hutu ce. Ƙafarta ce azabata. Da na taɓa tafin sai ta zabura da dariya ta ɓata min aiki, har kwanon lalle ta taɓa haurewa.

Ana jibi Sallah ta zo. Na gama ƙafa ɗaya tana ta mitar ruwan kanal na noman rani da aka rufe, ko motsi ba ta yi ba. Har na ji daɗi. Sai da na ɗaga ɗayar na ga ƙuna a ƙarƙashin babban yatsa, ta yi bororo ta fashe. Ta ce ba ta ma san da ita ba. Ta ɗora da fariya, wai ita kaɗai ke baza shinkafa da ƙafa tana tururi, sauran mata sai sun jira ta huce.

Na taɓa yin jinyar kawuna da aka yanke wa ƙafa, kuma da haka ya fara. Na sa ta rufe ido, na riƙa taɓa yatsunta da tsinken tsintsiya. Uku ba ta ji ba.

"Yaya, ba zan rufe ciwon nan da lalle ba, sai kin je asibiti," na ce.

"Ke likita ce ko mai lalle?"

Ta tashi a fusace, ta kai ƙarata wurin ƙaninta. Haka ta yi Sallah da jar ƙafa ɗaya, mata suna ta tsokanarta. Na sha harara, amma ni ma Allah bai rage ni da taurin kai ba. Kullum sai na je na tuna mata da kawuna, har ta gaji ta ce mu tafi.

A asibiti aka auna jininta kafin ta ci komai, aka kuma tattaɓa ƙafar da wani siririn zare mai ɗan tauri. Likita ya ce ciwon suga bai kama ta ba tukuna, amma yana bakin ƙofa, kuma ga mai ƙiba jijiyoyin ƙafa kan fara lalacewa tun a wannan matakin. Da ya tambayi wanda ya fara lura, sai Hajiya ta nuno ni da baki.

"Waccan fitinanniyar."

Wallahi ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

Ta rage lemon kwalba da tulin tuwo, ta koma baza shinkafa da katako, tana sanye da takalmi. Da hantsi takan taka zuwa bakin kanal don motsa jiki. Ƙunar ta warke, kuma yau shekaru masu yawa da ƙafafunta biyu take zuwa gidan jikokinta.

Abin da na koya shi ne, rashin jin ciwo ba lafiya ba ne. Kuma idan ka ga abin tsoro a jikin naka, faɗa masa ko zai yi fushi. Fushin Hajiya na mako biyu ne, ƙafa kuwa in ta tafi ba ta dawowa.