Ƙofar da Inna Saoudé Ta Sa Na Cire

Duk wanda ya taɓa tsayuwar neman aikin yini a bakin titin Jadid ya san Inna Saoudé, in bai san ƙosanta ba to ya san muryarta. Mutuniyar Mirriya ce. Ta zo Sabha da mijinta Siradji, ya yi aikin dabino a Ghuddwa har Allah ya karɓi abinsa, ita kuwa ta ce ba inda za ta, kaskonta ya saba da wutar garin nan. Ni Nasirou magini, na ci ƙosanta na sha faɗanta, kuma wallahi faɗan ya fi yawa.

In ta sauke kasko, sai ta wuce unguwar Hajara yin tafinta a wata ƙaramar ƙungiya mai duba marasa lafiya baƙi. Shugabar, Hajiya Zohra, 'yar Fezzan ce, kakarta Bahaushiya, amma Hausarta ba ta wuce "kai zo, ni ba magani" ba. Sai Malama Ghada mai wankin ciwo.

Ɗakin duba mutane ba shi da ƙyaure, abin ya tsaya wa Inna a rai. "Mutum ya zo da lalurarsa, duk mai wucewa yana leƙensa? Ina rufin asiri?" Hajiya Zohra ta ce su ma al'adarsu ta rufin asiri ce. Aka sa ni na dasa ƙofar ƙarfe mai sakata, aikin da har gobe ina alfahari da shi. Duk wanda ya shiga, Inna da hannunta take rufewa, don girmamawa. Mata suka ji daɗi. Maza kuwa suka fara ɗauke ƙafa, Inna ta ce girman kai ne.

Ana nan rodi ya huda ƙafar Illia a shantiye, wato wurin gini. Abokin aikina ne, ɗan Tawa, ɗaki ɗaya muke kwana, magana ba ta dame shi ba. Ya naɗe ƙafar da tsumma har ta kumbura ta soma wari. Babban asibiti ba ya zuwa, ba shi da takardar zama. Da ƙyar na jawo shi Hajara.

"Sannu ɗana, zauna, nan ba mai ganinka," in ji Inna. Ta ja ƙofa, ta zura sakata, ƙarau. Sai na ga gumi ya keto wa Illia. Kafin Malama Ghada ta gama warware tsumman ya miƙe, ya fizge sakatar ya fice. Mutum mai ƙafa ɗaya, ni mai biyu na kasa cim masa.

Malama Ghada ta riga ta ga ciwon. Ta ce in ba a wanke shi cikin 'yan kwanakin nan ba, ƙafar yanke ta za a yi.

Inna ta hau sababi, wai ƙaton banza yana tsoron allura. Na ce, "Inna, ba allura ba ce. A hanyarsa ta zuwa an tsare shi watanni a wani gida, ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Ko a ɗakinmu bakin ƙofa yake kwana, komai sanyi."

Ta dubi ƙofar. Can ta ce, "Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ai gudu zai yi. Kuma ka sani, ka dasa mini ƙofar nan?"

"Ke kika ce a dasa."

"In na ce ka faɗa rijiya sai ka faɗa?"

Hajiya Zohra ta ɗora shayi, aka zauna. Ta ce an taɓa koya musu irin wannan a wani taron horo, amma ko a mafarki ba ta kawo ƙofarta a ciki ba. Sai dai matan fa, a bar su a fili? Malama Ghada ta ce ita ba ta wankin ciwo a titi cikin ƙura. Sai a kofin shayi na ƙarshe, wanda ake zuba wa gyaɗa, aka daidaita. A cire ƙofa a rataya labule mai kauri. Duk wanda ya zo a tambaye shi, a saki ko a ɗage, kuma ina yake son zama. Malama ta faɗi abin da za ta yi kafin ta taɓa mutum. Labarin hanya kuwa, sai wanda ya so faɗa.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba, amma na ɓalle ƙofata. Na zaci shi ke nan, ashe da saura. Inna ta sa na ɗora ta a baro, na tura tun daga Hajara har ƙofar ɗakinmu, tana gaba ina baya, leburori na tambaya ko gwanjo ne.

"Illia," ta ce, "ba lallashi na zo ba. Ga ƙofar nan, duba da idonka. Laifina ne, ka yafe mini. In ka zo, inda ka ga dama nan za ka zauna, in ka tashi tsakiyar aiki ba mai riƙe ka."

Ya dubi ƙofar, ya dube ni ina haki kamar jakin kai, sai ya fashe da dariya.

Washegari ya zo. A dokin ƙofa ya zauna, ƙafar ciwo a ciki, mai lafiyar a waje. Malama Ghada ta durƙusa, ta faɗi abin da za ta yi, Inna ta fassara, sannan a taɓa. Haka aka yi ta yi. Yatsa ɗaya ya tafi, ƙafar ta tsira, mazan da suka ɗauke ƙafa ma suka soma dawowa.

Ranar wanki na ƙarshe iska ta taso, yashi na shigowa, Malama tana kare ciwon da tafin hannunta. Inna ta dubi labulen, ta ciji leɓe, na san maganar na cin ta, amma ba ta furta ba. Illia ya dubi yashin, ya matso da ƙafarsa ta waje ciki, ya miƙa hannu ya saki labulen da kansa.

"Inna, ki ce mata ta ci gaba," in ji shi.