Kafintan da Kalma Ɗaya Ta Rage Masa

A garin Dalcraig, in ana son a rataya ƙofa ta riƙa rufuwa ba ƙara, Hector Geddes ake kira. Sai dai wanda ya kira shi ya san ranar kunnensa ba hutu. Ƙusa uku a bakinsa, guduma a hannu, amma bakin bai fasa zuba ba: 'yan ƙwallon bana ragwaye ne, gwamnati ba ta san ciwon kanta ba, fasto ya cika jan wa'azi. Matarsa Ishbel takan ce ko ranar ɗaurin aurensu sai da fasto ya roƙe shi ya yi shiru a gama.

Ubansa mahaƙin kwal ne, ya kuma rantse ɗansa ba zai shiga rami ba, shi ya sa ya kai shi koyon kafinta tun yana saurayi. Ya auro Ishbel daga masaƙar ulu, suka haifi 'ya ɗaya, Shona, wadda ta girma ta tafi Glasgow koyarwa. Gidansu na bakin kogi ne, bene mai hawa ɗaya, matakalar ma shi ya yi ta da hannunsa.

Yana da shekara sittin da 'yan kai, wata safiya yana sa taga a kicin ɗin wata mata, ya kara ƙarfen awonsa a kusurwa ya ga ba ta zauna daidai ba. Ya buɗe baki zai yi mita, sai gudumar ta suɓuce. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙasa ta taso ta same shi.

A gadon asibiti ya farka, ɓarin damansa kamar na wani. Maƙogwaro ya bushe. Ya dubi nas ɗin da ke gyara masa bargo ya ce a ba shi ruwa. Shi dai haka kunnensa ya ji.

"Na'am, Mista Geddes?"

Ya maimaita, a hankali, yadda ake yi wa kurma.

"Sikwaya?" in ji nas ɗin. "Sikwayar me?"

Ya yi mata kallon mamaki. Wa ya yi zancen sikwaya? Ya sake neman ruwa, wannan karon ya kasa kunne ga bakin nasa. Abin da ya fito ke nan: sikwaya. Ya gwada sunan matarsa. Sikwaya. Ya gwada ashar. Sikwaya.

Da wata kalmar ce ta rage masa, kamar shayi ko a'a, da abin ya zo da sauƙi. Amma sikwaya a bakinmu na nan ba ta da alƙibla. Duk abu mai kusurwa huɗu daidai sikwaya ne. Dandalin tsakiyar gari sikwaya ne, haka ƙarfen awon kafinta. Niƙaƙƙen naman shanun nan da ake yankawa falle-falle a soya da safe a tura cikin burodi, shi ma sunansa ke nan. In an yi shawara ta adalci, ba cuta ba cutarwa, sai a ce ta yi sikwaya. In kuwa namiji ya nuna ka ya ce ku fita ku yi sikwaya, to tuɓe rigarka, dambe yake nufi. Kowa sai ya ɗauki wadda ta fi kusa da hannunsa.

Ishbel naman ta ɗauka. Washegari ta shigo da burodi mai ɗumi a ƙasan jakarta, ta waiga hagu da dama, ta tura masa ƙarƙashin bargo.

"Ci maza, tsohon banza, kafin waccan mai dogon hancin ta dawo. Na san abincinsu ne ba ka so."

Shi kuwa so yake ya tambaye ta ko an ɗauko kayan aikinsa daga gidan matar nan. Haɗiya ma a lokacin da ƙyar yake yi. Ƙamshi ya tona asiri, nas ta zo ta yi wa Ishbel faɗa kamar ƙaramar yarinya, ita kuma ta tsaya a kan bakanta: "Shi ya ce yana so. Shekara nawa muna tare, ke za ki gaya mini abin da mijina ke nufi?"

Da aka sallame shi a keken guragu, Shona ta zo hutun ƙarshen mako. Ya dube ta, ya ga ta rame, ya tambaye ta ko lafiya take da mijinta.

"Dandali yake son zuwa, Mama. Ya gaji da zaman ɗaka."

Aka naɗe shi cikin bargo biyu, ta tura shi har tsakiyar gari ana yayyafi, ta ajiye shi gaban gunkin sojan nan mai riƙe da bindiga. Mutane suka yi ta zuwa suna yi masa magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Ruwa na ɗiga daga hularsa zuwa wuyansa. Ya ce a mai da shi gida.

"E, Baba, ga mu a sikwaya," in ji Shona, tana share hawaye.

Sai kuma Murdo, yayan Ishbel, wanda ya taɓa dambe a ƙuruciya, kuma tun ranar da suka san juna shi da Hector ba su taɓa yarda a kan komai ba. Ya zo gaisuwa, ya faɗa kan kujera jagwab. Hector ya ga a kan tabaransa Murdo ya zauna. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna shi, fuska ta yi ja.

"Sikwaya!"

Murdo ya daskare. "Ni?"

"Sikwaya! Sikwaya!"

"Kai Hector, ka ji tsoron Allah. Duk shekarun nan kana da ƙafa biyu ba ka neme ni ba, sai yau da kake kan taya?" Ya miƙe yana gyara wando. "Ishbel! Zo ki ji mijinki wai mu fita waje. Wallahi ba don ke ba..."

"Ba don ni ba me? Zauna ka sha shayi, ƙaton banza."

Ya koma ya zauna a kan tabaran, wannan karon har da ƙara. Da yamma kuwa ya shiga mashaya yana ba da labari da alfahari, wai surukin nasa jiki ne kawai ya faɗi, zuciyar tana nan daram.

Akwai wata Mis Tennant da ke zuwa koya masa magana. Takan baje katuna a tebur. Hoton kare: sikwaya. Hoton kofi: sikwaya. Wata rana ta ɗaga kati mai zanen kusurwa huɗu, tana murmushi, don ta ba shi nasara ko sau ɗaya. Hector ya dubi zanen. Ya san shi sarai, ai shi ya yi ta bi duk rayuwarsa. Ya tattara ƙarfinsa.

"Kaza," in ji shi.

Ishbel ta saki cokali a kicin. Kalmar ba ta sake fitowa ba, amma mako guda ana dafa masa kaza.

An gwada ba shi alƙalami, haruffan suka watse masa kamar tururuwa. Ko gyaɗa kai da girgiza shi sun rikice: ya nufi e, kan ya tafi gefe, ya nufi a'a, kan ya sunkuya. Ƙafar dai ta dawo kaɗan-kaɗan, har ya koma dogara sanda. Amma matakala ta gagare shi, aka sauko masa da gado falo, bayan Ishbel kuma ya fara ciwo saboda ɗaga shi.

Ran nan Shona ta jawo kujera gabansa ta riƙe hannunsa. Ta ce ta samo musu gida a ƙasa, ba hawa, kusa da nata a Glasgow. A sayar da wannan. Mama za ta huta, asibiti kuma ga shi nan kusa.

"Ba za mu yi ba sai da yardarka, Baba. Ka ga an yi adalci?"

Duk abin da ke cikinsa ya taso. Kogin, shagonsa na bayan gida, kabarin iyayensa. Ya ce a'a da iyakar ƙarfinsa.

"Sikwaya."

Shona ta rungume shi. "Na gode, Baba. Na san za ka gane."

Ishbel ta daɗe tana kallonsa daga bakin ƙofa. "Anya kuwa, Shona?"

"Mama, da kunnenki fa kika ji."

Gidan Glasgow akwai ɗumi, ba matakala, Ishbel ta daina dafa ƙugu in za ta miƙe. Wannan ya ƙara rikita Hector. Yana zaune bakin taga yana kallon motoci, sai ya riƙa tambayar kansa: shin a'a na ce kuwa? Ko dai bakin ya fi ni sanin gaskiya? Wani lokaci ya farka da tabbacin cutarsa aka yi, kafin azahar kuma ya rasa wa zai ba laifi.

Wata safiya Ishbel na shanya a bayan gida, ya ɗauki sanda da hula ya fita. Dalcraig ya nufa, so yake ya ga kogi kawai ya dawo. Lambobin bas sun zame masa zane, don haka wadda ta fara tsayawa ita ya hau, ya nuna katinsa na tsofaffi.

"Ina zuwa, Baba?" in ji direba.

"Sikwaya."

"Shiga ka zauna, can ne ƙarshen hanyata."

Tun da ya faɗi, ranar ce ta farko da ya yi wa baƙo magana ba a ce masa "na'am?" ba. Ya zauna yana jin kamar an ba shi sarauta. Ɗumin motar ya ɗauke shi barci.

Direba ne ya tashe shi. Ya sauko, ga dandali, ga gunkin soja, ga agogo. Amma sojan gabas yake kallo maimakon yamma, kuma ya cire hularsa. Inda gidan burodi yake, kantin magani ne. Iska na warin gishiri, fararen tsuntsayen teku na ihu a kan rufi. Hector ya juya, ya sake juyawa. Yaushe aka kawo teku Dalcraig? Ko kan nasa ne ya ƙara taɓuwa? Ya lallaba ya zauna a benci. Garin Portlennan ne, bai sani ba.

Kusa da bencin akwai motar sayar da abinci, mai ita wata ƙatuwar mace, Senga. Ta leƙo.

"Kai dattijo, ka yi fari kamar ka ga fatalwa. Me za a kawo maka?"

Ya tambaye ta sunan garin.

"To, ga shi nan tafe."

Ta kawo masa burodi da nama da shayi. Yunwa kuwa yake ji, ya cinye tas. Ta yi ta yi masa hira, duk abin da ta faɗa ya amsa da kalmarsa, ita kuma ta ce, "Ai kuwa gaskiyarka." Can wani ɗan sanda ya zo cin abinci, ya dubi hular da sandar, ya tuna cigiyar da aka yi musu da safe.

La'asar ta yi kafin Shona ta iso da uwarta. Shona ta fito tana faɗa tana kuka. Ishbel kuwa ta tsaya tsakiyar dandali tana dube-dube, sai ta dafe ƙirji.

"Shona, yi shiru. Nan ne fa. Nan muka zo hutu bayan bikinmu. Ga masaukin can, mai koren ƙofa." Ta zauna kusa da shi, ta kama hannun da ya mutu ta ɗora a cinyarta. "Ashe ka tuna, tsohon banza. Duk wannan sikwaya, sikwaya, ashe nan kake nufi, mu kuma muna ta cusa maka nama."

Hector ya dubi koren ƙofar. Iya saninsa, hutun nan a wani gari suka yi shi can arewa, inda aka yi ta ruwa har suka dawo. Bai taɓa taka Portlennan ba. Ko ya taɓa? Ya dubi fuskar matarsa, rabon da ya gan ta haka tun kafin ya faɗi.

"Sikwaya," in ji shi, shi kansa bai san me ya nufa ba.

Ishbel ta dage a garin nan za su zauna. Shona ta yi iya yinta ta hana, amma Ishbel ta ce sau ɗaya aka yanke wa mijinta shawara a bakinsa, ba za a yi na biyu ba. Kafin hunturu sun kama ɗan gida a Portlennan, bayan kantin magani. Kullum da hantsi yakan dogara zuwa bencin nan. Ya gyara wa Senga kantar motarta da hannu ɗaya, tana riƙe masa ƙusa. Mutanen garin ba su san shi da surutu ba, don haka suka ɗauke shi mutum mai zurfin ciki, har masunta kan zauna su gaya masa damuwarsu. A coci kuma aka gano in an ɗauko waƙa yana bi tiryan-tiryan, kalma bayan kalma, da an kai amin sai bakin ya rufe. Ishbel ta gwada rera masa tambaya, ko yana son wanka, ko ƙafa na ciwo. Bai yi aiki ba.

Shekarunsa na ƙarshe a can ya yi su, a can kuma aka binne shi. Sau ɗaya ya sake ganin Dalcraig, ranar jana'izar wani tsohon abokin aikinsa. A hanyar dawowa Shona ta bi ta bakin kogi ta rage gudu. Sababbin masu gidan sun shafa wa ƙofar fenti ruwan ɗorawa, ga keken yara a jingine, an mai da shagonsa wurin ajiye mota. Ta taga ana hango ƙasan matakalar.

Ishbel ta juyo daga kujerar gaba. "Mu tsaya ka gani, Hector?"

Ya motsa kai. Ishbel ta dubi Shona, Shona ta dube shi ta madubi.

"E ya ce ko a'a?"

"Ina na sani," in ji Ishbel.

Wata mota ta yi musu ham daga baya, Shona ta taka mai suka wuce.