Wuyana tsakanin ƙanƙara da gashi

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ana tsakar cirar albasa a garkarmu da ke bayan gari, can wajen Malbaza. Na ɗauko kwano shaƙe da albasa a kai, ina sauri don kada ƙannena su riga ni isa rumfa, sai santsin hanyar ruwa ya kwashe ni. Da na tashi, kaina ya karkace wajen kafaɗar hagu, ya ƙi komawa. Ko kukan kirki ban iya yi ba, don haɗiyar yawu ma sai na ji ta har ƙeya.

A amalanke aka kai ni gidan Malam Tanko maɗori, wani tsoho mai manyan yatsu da ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya zaunar da ni tsakanin gwiwoyinsa, ya shafa man shanu, ya yi ta lalubar wuyan, sannan ya tambaye ni sunan malamin ajinmu. Ina buɗe baki ya murɗa, na ji ƙas. Kai ya koma daidai, amma wurin ya kumbura, ya ɗauki zafi rau. Ya dubi Iya, kakata ta wajen uba, ya ce, "Kada a gasa shi yanzu. A sa mai sanyi, ƙanƙara in an samu. Sai kumburi ya sauka a yi gashi. In kunka ƙi ji ya sake karkacewa, ba ruwana."

A hanya Iya ta yi ta tsaki. A wurinta sanyi shi ne uban cuta: ciwon gwiwa sanyi, tari sanyi, ko ɗan akuya ya ƙi tsotso sanyi ne. Matan unguwar da ta yi wa wankan jego da tafasasshen ruwa ba su ƙirguwa. Ga shi ni ɗiyar fari ce, tun yaye a ɗakinta nake. Inna, mahaifiyata, ba ta kiran sunana, ba ta sa baki a lamarina, kunya ta hana. Baba kuwa yana Abijan wajen biɗa, ba mai raba gardama.

Da la'asar Iya ta ɗora tukunya, ta zuba ganyen darbejiya. Ina kwance a tabarma ina jin ruwan yana ɓararraka. Akwai wata mata mai karkataccen wuya a garinmu da muke bi muna kwaikwaya, ita kawai nake gani a raina. Na wurga ido ina neman Inna, ba ta a gidan. Na ji haushinta sosai, na ɗauka ta koma wajen albasarta.

Iya ta juye ruwan a kwarya, ta tsoma tsumma tana matsewa, sai ga Inna ta shigo, ƙafafunta buɗu-buɗu, riƙe da buhu yana ɗiga. Ashe ta ji abin da Malam Tanko ya ce, ta fita bakin kwalta ba ta gaya wa kowa ba, ta tsai da kabu-kabu har Malbaza. Ta zo ta durƙusa tsakanina da kwaryar.

Iya ta ce, "Mi kinka kawo muna?"

"Ƙanƙara ta, Iya."

"Sanyi za ki sa ma ɗiyata ga ƙashi? Yaushe kinka fara sa baki ga lamarinta?"

"Ki yi mani aikin gafara, Iya. Ban taɓa ba. Yau ɗai na."

Maƙwabta na leƙowa ta kan danga. Na tabbata Iya za ta ture ta. Sai ta kifar da ruwan a ƙasa ta shige ɗaki. Inna ta cire kallabinta, ta naɗe ƙanƙarar, ta ɗora mini. In fata ta mutu ta ɗaga, in ta farfaɗo ta mayar. Fuskarta tana kallon bango, amma ba ta janye hannunta ba.

Kwanakin da suka biyo baya Iya ba ta amsa gaisuwarta, ni ma baya take juya mini. Inna ta ci gaba da zuwa Malbaza ɗauko ƙanƙara cikin zafin ranar nan. Wata safiya ta taɓa wuyan ta ji ya saɓe, sai ta hura wuta da kanta, ta tafasa ruwa, ta kai ƙofar Iya ta ajiye. "Kumburi ya sauka, Iya. Sauran aikin naki na, ni ban iya ba." Iya ta fito da tsummanta tana mitar ruwan bai yi zafi ba. Ta gasa ni har na yi ƙara, wuyana kuwa ya miƙe sarai.

Yanzu a Konni nake, ƙanƙara tana cikin firijin ɗakina, ba mai taka rana dominta. Likitan da ke gyara mini baya kan ce in fara da sanyi in bi da ɗumi, sai in gyaɗa kai kawai. Ɗiyata ta fari ina kiran sunanta gaban kowa, ba mai ɗaga ido. Sauƙi ya zo, ban musa ba. Sai dai ban san abin da zan yi mata da zai kai nauyin durƙuson nan na Inna ba.