Ruwan da Muka Yayyafa wa Kumandan

Garinmu bisa dutse yake, can tsakanin Buza da Tamaske, inda mai haƙa rami zai gaji da fid da duwatsu kafin ya ga laima. Rijiya ɗaya gare mu, tsohuwa, ta kakanni. Da ɗari ya shigo ruwanta ke fara ja da baya, lokacin ne kuma mu yara muke cika ɗakin Kaka Dije, mahaifiyar babana, don ita ce ke hura wutar kara bayan an ci tuwo. Takan miƙe ƙafafu wajen wuta tana ɓarar gujiya, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi. Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika.

"Kai maigida, miji ba ko goro, matsa ka ba ɗiyan mutane wuri!"

Idan muka natsu sai ta ce, "Ga ta nan tahe, wa za shi buɗe mata ƙohwa?" Mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo, Kaka, mun share mata wuri."

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Ɗaya ce ta ƙi barina, ta zabo da kwaɗo.

Wai an yi fari a garin zabbi har ruwa ya rage ƙwarya ɗaya. Suka zaɓi wani saurayin zabo mai zaƙin baki, ya je wurin Sarkin Sama, wanda mabuɗin ruwa ke hannunsa, ya gaya masa suna mutuwa. Zai tashi ke nan tsofaffin zabbi suka ce, haba, a je gaban sarki da furu-furun jiki? Ai sai a zage mu. Suka ɗauko ƙwaryar nan ta ƙarshe suka yi masa wanka, suka shafe shi da mai. Ya isa fada yana ƙyalli. Sarki ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Samari, yaya garin?" A nan Kaka ke tanƙwashe wuya, ta sirance murya: "Lahiya lau, ranka shi daɗe." Sarki ya ce madalla, a gai da gida. Sai ga kwaɗo ya faɗo fada ko sallama babu, fata duk ta tsage, ya wage baki yana ihu, "Ƙishirwa! Ƙishirwa!" Fadawa suka ce wannan ba shi da kunya. Sarki dai ya ba shi ruwan. Shi ya sa har yau kwaɗo ke cikin tafki, zabo na yawo a fako yana kuka, ɗige-ɗigen jikinsa kuwa ruwan wankan nan ne ya bushe masa.

"Ta ƙare, kan kusu ya ƙone, ku tashi ku ba ni wuri," in ji ta.

Mukan yi dariya har da birgima, ni na fi kowa. Na taɓa buga ƙirji na ce, "Wallahi da ni aka aika, sai na gaya mishi!" Ta ce, "Allah shi kai mu, maigida." Ta jefa mini gujiya.

Allah kuwa ya kai mu. Ina da shekara ashirin, na dawo daga kwaleji a Madawa da ɗan Faransancina, ina ji da kaina kamar ni na ƙera boko. Zamanin soja ne, an yi fari, rijiyarmu ta koma laka. Mata kan tashi da asuba su gangara fadama, ba su dawowa sai rana ta take. Sai labari ya zo cewa kumandan, babban wakilin gwamnati na yankinmu, zai zagaya ƙauyuka ya ji kukan jama'a, kuma ya ce daga bakin samari yake son ji. Aka taru a zauren maigari, aka tsaya kan magana ɗaya: rijiyar siminti. Aka ce ni zan faɗa.

Sarkin samarinmu, Ila, mutum ne mai son a yabi gari. Ya ce, "Baƙon gwamnati na tahe, mu tarbe shi cikin ƙura? Ƙauyukan ga su yi muna dariya?" Ya sa kowane gida ya kawo tulu guda. Kwana biyu 'yan mata na hawa da gangara. Muka jera randuna cike a ƙarƙashin rumfa, sauran muka yayyafa a dandali da bakin hanya. Ni ma da hannuna na yayyafa, har ina yi wa wasu tsawa wai ba su jiƙa wurin sosai ba.

Da na je ɗaukar tulun Kaka, ta dube ni cikin wankakkiyar rigar aro.

"Maigida, yau wankan zabo za a yi?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kaka, wagga harkar gwamnati ce, ba tatsuniya ba." Ta ce to. Ta miƙo mini tulun.

Kumandan ya iso da hantsi, makaɗa na kiɗa, mata na guɗa. Yana sauka mota ya shaƙi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ce, "Kai, gari mai sanyi!" Na fito da takardata ina karanta barka da zuwa cikin Faransanci, godiya bisa godiya. Maganar rijiyar tana can ƙarshen shafi. Ban kai wurin ba ya ɗaga hannu.

"Aje takardar, samari," ya ce da Hausa. "Kai ka gaya mini. Mece ce wahalarku? Ruwa fa?"

Na ga gardi, dogarin da ke tsaronsa, tsaye bayansa da hannu kan ɗamara. A lokacin mutum kan yi tunani biyu kafin ya kai kuka gaban soja. Na ga maigari ya sunkuyar da kai, Ila na murmushi, randuna na sheƙi. Na dubi ƙasa, ga takalmina ya nutse cikin laima. Yaya zan ce ba mu da ruwa? Ya ce mun yi masa ƙarya? Bakina ya buɗe da kansa.

"Lahiya lau, ranka shi daɗe. Mun gode Allah, mun gode gwamnati."

Ya dubi randunan, ya gyaɗa kai, ya ce wa magatakardansa wani abu. Ya sha ruwanmu, ya yaba sanyinsa, ya shiga mota. Kafin la'asar dandalin ya bushe ƙayau.

Masu ginin rijiya sun zo, amma wani ƙauye gaba da mu suka wuce. An ce can wata tsohuwa ce ta kutsa cikin taro, ta dire ƙwaryar ruwan laka gaban kumandan, ta ce ya sha. Mu har zagin mutanen ƙauyen muka yi, wai ba su san mutuncin baƙo ba. Rani huɗu muka ƙara muna gangara fadama. Gidaje da dama suka kwashe suka yi kudu, ba su dawo ba. Mahaifiyata ta rasu da ciwon wuyan da tulu ya bar mata.

Na tsufa yanzu, kuma na zauna majalisu da yawa inda ake cewa gwamnati ba ta jin maganar talaka, balle ta yaro. Sau da yawa gaskiya ne, na gani da idona. Mai yiwuwa ma an gama raba rijiyoyin nan tun a ofis, ko na yi magana ba abin da zai sake. Na sha lallashin kaina da wannan. Amma in ana hirar nakan yi shiru, don ni dai sau ɗaya gwamnati ta tsaya gabana, ta tambaye ni da harshen uwata, gari kuma ya ɗora mini ƙishirwarsa, na tsaya ina gaisuwa. Kunyar wannan rana har gobe ba ta bar ni ba.

Ba wanda ya zage ni a gari. Ila ma yabona ya yi, wai na fid da su kunya. Kaka kuwa ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Da ɗari ya dawo bayan zuwan kumandan, ina wucewa ta ƙofar ɗakinta bayan tuwo, na ga ƙannena sun kewaye wuta. Na tsaya bakin ƙofa. Ƙaramarsu ta ce, "Kaka, yi muna ta zabo da kwaɗo!" Ta ɗago ta gan ni. Ta mai da kanta ga gujiyarta, ta daɗe tana murza ƙwaya ɗaya.

"Waccan na mance ta," ta ce. "Ku zaɓi wata."

Har ta koma ga Allah, shekara guda kafin a gina mana rijiya, ba ta sake yin ta ba.